Kafin kwaɗo ya iso, a fara kiwon masu share masa gida

Filin tambayoyin masu karatu a kan dabbobi da tsirrai

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Ngaundare, ina haya a Dang. Yayana yana aiki a Beljiyam, can yake kiwon 'yan ƙananan kwaɗin nan masu launi na Kudancin Amurka, waɗanda aka ce ana shafa dafinsu a kibiya. Ya yi mini alkawarin in na shirya wuri zai nemo takardu ya kawo mini biyu, irin Dendrobates tinctorius. Na riga na sa an haɗa mini akwatin gilashi. Ya ce sai na zuba isofod, wasu 'yan ƙananan halittu masu ƙafafu da yawa da ke zama a wuri mai danshi, a ciki, su riƙa share ƙazanta, su kuma zama abinci. Wane iri zan zaɓa? Akwai masu kama da su a ƙarƙashin randar gidanmu, in kwaso in zuba? In kuma suka yi yawa, sun isa kwaɗin su ƙoshi ba sai na nemi wani abinci ba? Daga wani ɗalibi, Dang, Ngaundare.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya yi wa karatu albarka. Na ji daɗin wasiƙarka, domin ka yi tambaya tun dabbar ba ta zo hannunka ba. Zan fara da tambayar ƙarshe, don ita ce in aka kuskure mata kwaɗo ke mutuwa.

Isofod kaɗai ba za su riƙe kwaɗinka ba, ko da sun cika akwatin maƙil. Wannan kwaɗo da rana yake kiwo, da ido kuma yake farauta, abin da ya motsa a gabansa shi yake kai wa harshe. Isofod kuwa ɗan dare ne, wuni yake yi a ƙarƙashin ganye ko cikin ƙasa. Jefi-jefi suke gamuwa, in kwaɗo ya ture ganye ko wani ya leƙo bayan an fesa ruwa. Hakan ma shi ya fi, don da yana ganinsu duka da ya lashe su cikin 'yan kwanaki, akwatin ya rasa mai shara. Tuwon wannan kwaɗo shi ne ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓiyar ayaba, isofod ƙwalama ce. Masu kiwo suna amfani da iri biyu da ba sa iya tashi, Drosophila melanogaster da Drosophila hydei wanda ya ɗan fi girma. Ana hayayyafa su a cikin roba, kafin a zuba wa kwaɗo a barbaɗa musu garin kalsiyam mai bitamin D3, lokaci-lokaci kuma da bitamin A. In babu kalsiyam ƙashi ya yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe. In babu bitamin A harshe ya daina kamu, ka ga kwaɗo yana kai hari yana kuskurewa har ya rame. Waɗannan ƙudaje da wannan gari su za ka fara roƙon yayanka. Ka kuma ɗaure bakin robar da matsattsen ƙyalle, domin in 'yan uwansu na waje masu lafiyayyen fiffike suka shiga suka yi barbara da su, 'ya'yan za su fito suna tashi.

Duk da haka kada ka raina abin da isofod ke ƙara wa ciki. Ɓawonsa yana ɗauke da kalsiyam, ƙananansa kuma su ne abin da ƙaramin kwaɗon da bai daɗe da barin ruwa ba yake iya haɗiyewa. Ranar da robar ƙuda ta lalace, su za su riƙe dabbar kafin wata ta nuna.

Sai ka san abin da za ka kiwata. Isofod ba dangin kyankyaso ko tururuwa ba ne. Ƙirga ƙafafunsa, za ka samu 14, bakwai a kowane gefe. Ɗan uwan ƙaguwa da jatan lande ne wanda ya baro ruwa ya zauna a tudu, kuma an san fiye da nau'i 3,000 masu zaman tudu. Da wasu 'yan faifai masu laushi a ƙarƙashin cikinsa ta baya yake numfashi, in suka bushe ya shaƙe. Abin da ya kai su gindin randarku ke nan. Macen tana goyon ƙwanta a wata jaka mai ruwa a ƙirjinta har su ƙyanƙyashe, su fito da kamannin uwa. Saɓarsa ma kashi biyu yake yi, rabin baya tukuna, daga baya rabin gaba, don haka in ka ga wani mai launi biyu lafiyarsa ƙalau, ka ƙyale shi.

Aikinsa a cikin akwati shi ne cin busasshen ganye, ruɓaɓɓen itace, kashin kwaɗo da matattun ƙudaje, ya mai da su taki wanda tsirran ciki za su sha. Fumfuna kuwa ba ita ce gwanintarsa ba. Wannan aikin wasu 'yan mitsi-mitsin fararen ƙwari ne masu tsalle da ake kira Collembola, su ma kwaɗo na cinsu sosai. Ka nemi su biyun tare.

Irin da nake ba ka shawara, ba tare da wani kai-komo ba, shi ne ɗan farin nan, Trichorhina tomentosa. Tsawonsa bai wuce milimita 3 zuwa 4 ba, jikinsa taushi ne, don haka ko babbansa yana shiga bakin tinctorius. Asalinsa ƙasashen Amurka masu zafi ne, wato danshin da kwaɗonka ke bukata shi ma shi yake so, ɗumin digiri 24 zuwa 28 kuma nan ya fi hayayyafa. Cikin ƙasa yake kutsawa, saboda haka kwaɗo ba ya iya ƙarar da shi. Abin da ya fi burge ni a kansa, duk mata ne, suna haihuwa ba tare da namiji ba. 'Yan kaɗan a cikin cokalin ƙasa sun isa su kafa zuriya. Ba ya gaigayar ɗanyen tsiro, ba ya damun kwaɗo a wurin barci. In ka taɓa shi ya sandare kada ka ce ya mutu, dabararsa ce ta kare kai.

Akwai wani ƙarami mai ruwan shunayya da masu kiwo ke dangantawa da Kosta Rika, shi ma yana da kyau, ana iya haɗa su. Na gaba da su Porcellionides pruinosus ne, mai kusan santimita 1, ruwan toka ko ruwan lemo, jikinsa kamar an barbaɗa masa gari. Yana da saurin gudu da saurin haihuwa, yana share saman ganye da kyau, amma ƙanananansa kaɗai kwaɗo ke ci, kuma in abinci ya yi masa ƙaranci yakan taɓa tsirrai masu laushi. A babban akwati zan yarda da shi a matsayin na biyu.

Waɗanda ban yarda da su ba su ne manyan. Porcellio laevis, wanda ake sayarwa da dabbare-dabbaren fari da baƙi, yana kai santimita 2, mayunwacin nama ne, kuma masu kiwo suna tsoronsa a kan ƙwan kwaɗo, domin wannan kwaɗo a kan ganye yake saka ƙwai, ba cikin ruwa ba. Armadillidium, masu dunƙulewa in an taɓa su, ɓawonsu ya yi tauri, kuma sun fi son wuri mai iska da ɗan bushewa, a jiƙaƙƙen akwati sai su yi ta mutuwa. Masu tsadar nan da ake kawowa daga kogon duwatsu na Tailan kuwa, hotonsu ne ke cika intanet, amma haihuwarsu a hankali take. Kada yayanka ya ɓarnatar da kuɗinsa a kansu.

Yanzu ga na ƙarƙashin randa. In ruwan toka ne mai gari-gari, mai gudu, ba ya dunƙulewa, to alamun pruinosus ke nan, don babu isofod da ya kai shi bin gidajen mutane a duniya. Ni ma irinsu nake da su a cikin roba a nan Garwa, daga gindin randa na tsince su. Amma kwasowa a zuba kai tsaye, a'a. Isofod yana tara dalma, tagulla da sauran ƙarafa masu guba a cikinsa, har masana na amfani da shi wajen auna gurɓatar ƙasa. Wanda ya tashi kusa da garejin makanikai ko bolar da ake zubar da batir, duk abin da ya tara zai koma cikin kwaɗon da ya ci shi. Ga maganin ƙwari da ake fesawa a ɗaki da gona. Ga kuma baƙin da ke biyo ƙasar: shanshani, gizo-gizo, ƙwan katantanwa. Shanshani ɗaya ya isa ya raunata ƙaramin kwaɗo.

In kana son na gida, tsince manyan ɗaya-ɗaya da gashin kaza, ba tare da ƙasarsu ba, ka sa su a tsabtatacciyar roba. In sun haihu ka kwashe 'ya'yan ka mai da su wata robar, ka bar su su girma su haihu. Waɗannan jikokin da suka tashi a hannunka, a kan abincin da ka sani, su ne za su shiga akwati. In ka ga wani ya rikiɗe ya zama shuɗi mai ƙyalli, cuta ce ta ƙwayar bairos da ke kama isofod, ka fitar da shi nan take.

Robar kiwon ba wuya. Ƙasa mai kaurin santimita 5 daga zaren ɓawon kwakwa da dakakken gawayi da ruɓaɓɓen itace, busasshen ganye a sama, guntun kwali su ɓuya a ƙarƙashi, dakakken ɓawon ƙwai saboda kalsiyam. Ka huda murfin ka liƙe hujin da ƙyalle. Abinci ɗan yankan kabewa, karas ko dankali, wani lokaci ɗan garin abincin kifi, abin da ya kwana biyu ba a ci ba ka cire. Ko bayan ka zuba wasu a akwatin gilashi, kada ka rabu da wannan roba, daga ita za ka riƙa ƙari.

Maganar ganye ina so ka saurare ni da kyau, domin nan ne littafin Turai ba zai taimake ka ba. Su ganyen itatuwan ƙasarsu suke ambata. Mu a nan mangwaro da gwaba sun wadatar, waɗanda suka bushe suka faɗo da kansu. Amma inuwar da ta fi yawa a titunan Garwa, Marwa da Njamena ita ce darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro, ita ce kuma hannu ya fi saurin kaiwa. Kada ganye ɗaya nata ya shiga. Tana da sinadarin azadiraktin mai hana ƙwari ci da saɓa, dalilin da ya sa iyayenmu ke sa ta a rumbu ke nan. Haka bishiyar turare, wadda kuke da ita da yawa a Adamawa, man ganyenta ba ya yi musu. Kada kuma ka tsinci ganye a bakin gonar auduga ko lambun da ake feshi. Duk wanda ka tsinto ka tafasa shi minti 10, ya huce, ya sha iska kafin ka sa.

Shimfiɗar akwatin hawa-hawa ce. A can ƙasa tsakuwa ko tsingaron tukunya, kaurin santimita 5, inda rarar ruwa za ta taru. A kai raga, sannan cakuɗar ƙasa, sannan ganye mai kauri har ƙasa ta ɓace. A wurin ragar nan mutanenmu ke halaka komai ba su sani ba: sai a yanko tsohon gidan sauro a shimfiɗa. Gidan sauron da ake rabawa a asibiti an jiƙa zarensa da maganin kashe ƙwari, an kuma yi shi ne don maganin ya jure wanki. Dangin ƙaguwa ba sa jure shi ko kaɗan, kwaɗo kuwa ta fata yake shan abin da ke cikin ruwa. Sayi ragar taga ta roba, sabuwa, ka wanke. Saboda wannan dalilin, ɗakin da akwatin yake ba a kunna maganin sauro a cikinsa, ba a kuma fesawa. Ruwan fesawa na sama ya fi, in na famfo ne ka bar shi a buɗe ya kwana domin kulorin ya fita.

Ka zuba isofod da Collembola aƙalla wata guda kafin kwaɗo, don su kama ƙasa su fara haihuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a wurinka ma wata guda ya yi kaɗan, ga dalili.

Wannan kwaɗo ɗan ƙarƙashin inuwar dajin Suriname, Giyana da arewacin Barazil ne. Yana son digiri 22 zuwa 26, da danshin iska kashi 80 cikin 100 ko fiye. In zafi ya kai 30 ya daɗe, mutuwa yake yi. Ngaundare tana kan tudu sama da mita 1,000, kuma ita ce ta fi sauran garuruwanmu na arewa sauƙin zafi, shi ya sa ban ce maka ka haƙura tun farko ba. Amma ka san yadda ranar watan Maris take wuce 30, ka kuma san yadda ɗakin ɗalibi mai rufin kwano yake da azahar. Hunturu kuma yana tsotse danshi. Don haka ka dasa tsirranka, ka zuba isofod ɗinka, ka rataya ma'aunin zafi a cikin akwatin, ka riƙa rubuta abin da ya nuna kowace azahar tun daga hunturu har faɗuwar ruwan farko. In isofod suka mutu a hannunka, kwaɗo ba zai rayu ba. In suka rayu ma ka duba takardarka, don sun fi kwaɗo jure zafi. In ma'aunin yana yawan haura 28, ka faɗa wa yayanka gaskiya ya dakata sai ka sami ɗaki mai sanyi.

Ka kuma tuna dabba ce da ke shekara 10 ko fiye a hannun mai kula. Za ka tafi hutu, za ka gama karatu, wataƙila aiki ya kai ka Kusiri. Hadisin matar da ta tsare kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta ci ƙwarin ƙasa ba, yana kan duk wanda ya rufe mai rai a cikin gilashi. Ka san tun yanzu wanda zai riƙe maka.

Batun takardu ba wasa ba ne. Tun 1987 kwaɗin Dendrobates suke cikin rukuni na biyu na yarjejeniyar CITES, mai kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, Kamaru kuma ta shiga yarjejeniyar tun 1981. Yayanka zai nemi izinin fitarwa daga can, kai kuma ka tuntuɓi ma'aikatar gandun daji da namun daji, MINFOF, kafin a sayi tikiti. Akwai kuma cutar naman gwari mai cin fatar kwaɗi, Batrachochytrium dendrobatidis, wadda ta ƙarar da nau'o'i da dama a duniya. A 1999 aka raɗa mata wannan suna, bayan an samo ta daga jikin shuɗin kwaɗo, ɗan gidan kwaɗon naka, a gidan namun daji na Washinton. An riga an same ta a kwaɗin duwatsun Oku da Manenguba, kuma ƙasarmu ce gidan kwaɗon Goliyat, wanda ya fi kowane kwaɗo girma a duniya, mai wuce kilo 3. Saboda haka duk ƙasa, ganye ko ruwan da ya fito daga akwatinka, ka kwara masa tafasasshen ruwa kafin ka zubar. Wannan zai kashe cutar, ya kuma hana ɗan farin isofod ɗin bazuwa, tunda mace ɗaya tak ta ishe shi kafa gari.

Dafi kuwa kada ya tsorata mutanen gida. Daga tururuwa da wasu ƙananan ƙwarin dajinsu kwaɗin ke tara shi, wanda aka haifa a hannu aka ciyar da ƙuda da isofod ba ya da shi. Masu kibiyar ma, mutanen Embera na Kolombiya, da dafin kwaɗin dangin Phyllobates suke amfani, ba tinctorius ba. Amma kada ka riƙa ɗaukarsa, gumi da sabulun hannunka su ke cutar da shi.

Tambaya: Baba, ni malamar kimiyya ce a wata makaranta a Njamena. Na ga irin wannan akwati mai kwaɗi masu launi, ina sha'awar yin sa a aji don yara su ga yadda ƙazanta ke komawa taki. Zai yiwu? Daga wata malama, Njamena.

Amsa: Malama, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka. Kwaɗon dafi kam ki cire shi daga lissafi. Watan Afrilu a Njamena zafi yana wuce digiri 40, in aka ɗauke wuta na yini ɗaya na'urar sanyi ta tsaya, kafin la'asar ya mutu a gaban yara. Amma darasin da kike so ba ya bukatar kwaɗon, isofod ne ke yin aikin, kuma tunda babu mai cinsu, na gida sun isa. Da damina ki tura yara su duba ƙarƙashin randa, tubali da tarin ganye a lambunan bakin kogin Shari.

Don zafi, ki yi dabarar tukunya cikin tukunya wadda malamin nan na arewacin Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a baki. Ki sa robar isofod a cikin ƙaramar. Busasshiyar iskarku ita ce ke sa dabarar ta yi aiki sosai, sai dai a riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

Ki ba yara ganyen mangwaro guda da aka tafasa, su zana shi a takarda kowane mako har ya zama raga. Ki kuma shimfiɗa takarda a faranti, rabi jiƙe rabi bushe, a saki isofod 10 a tsakiya, bayan minti 10 su ƙirga inda suka taru. Babban abokin gabarki shi ne kiyashi, dare ɗaya yake kwashe roba. Ki ɗora tukunyar a kan tebur, ki sa ƙafafun teburin cikin gwangwanaye masu ruwa, ki naɗa yaro ɗaya mai duba ruwan kowace safiya, har da ranakun da babu makaranta.